Tun Hadari Bai Haɗu Ba: Tsohon Faifai, Guguwa da Tseren Motoci

  

Sharhinmu na yau zai kai mu wurare biyu masu nisa. Na farko birnin New Orleans ne, a kudancin Amurka, mahaifar kiɗan jaz. Na biyu ƙasar Japan ce, inda ake tseren motoci a gaban dubban 'yan kallo. Wani zai ce, me ya haɗa tsohon faifai da motar tsere? Guguwa ce ta haɗa su. Mai tara faya-fayai da mai shirya tsere, kowannensu an taɓa ce masa guguwa na tafe. Kowannensu ya ɗaga kai ya ga sama garau. Kuma dole ya yanke shawara a lokacin.

Magana ɗaya ce sharhin nan yake so ya bari a kunnuwanku. Abin da mutum yake ƙauna, tun hadari bai haɗu ba ake tsare shi.

To, mu fara da faifai.

Dattawan da ke saurare sun san garmaho. Akwati ne mai mariƙi a gefe. A murɗa mariƙin har ya yi tauri. A ɗora baƙin faifai. A sauke allura a hankali a bakinsa. Kafin kiɗa ya fito, sai an ji wani ɗan sauti, kamar yayyafi a kan rufin kwano. Sannan ƙaho ya tashi. Masu son tsofaffin faya-fayai har yau wannan ɗan yayyafin suke jira. A wurinsu shi ne sallamar faifai.

Faifan farko da aka sayar da sunan jaz an ɗauke shi ne a birnin New York, a watan Fabrairu na 1917. Makaɗan Turawa ne 'yan New Orleans, ana kiransu Original Dixieland Jass Band. Amma kiɗan ya girme su. A unguwannin baƙar fata ya tashi. A birnin akwai wani fili da ake kira Congo Square. A zamanin bauta, nan bayi ke taruwa ranar Lahadi, su yi kiɗa da rawa irin na ƙasashen da aka rabo su da su. Daga wannan ganga, da waƙoƙin coci, da ƙahonin 'yan fareti, jaz ya samo jininsa.

Akwai wani mai busa ƙaho da ake kira Buddy Bolden. Tsofaffin birnin sun ce shi ne sarkin busa na farko. Sun ce in ya busa, har unguwanni masu nisa ana jinsa. Ciwon taɓin hankali ya kama shi, aka kai shi asibiti a 1907, kuma a can ya rasu a 1931. Har yau ba a sami faifai ko ɗaya mai ɗauke da busarsa ba. Labari kawai ya rage. Wannan ne ya sa masu son jaz suke riƙe faifai kamar ƙwai. Sun san abin da bai shiga faifai ba ya tafi tare da mai shi.

Louis Armstrong ya yi sa'a, shi ya shiga. A watan Afrilu na 1923, yana ɗan shekara 21, ya bi maigidansa King Oliver zuwa wani ƙaramin gari, Richmond, a jihar Indiana. Ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Gennett yana dab da layin dogo. In jirgin ƙasa ya taho, sai a dakata ya wuce. Babu makirufo a lokacin. Wani babban mazurari ne makaɗa ke tsayawa a gabansa. Sauti ya shiga ta baki, allura ta zana shi a jikin kakin zuma. Mai ƙarfin busa sai a tura shi baya, don kada ya danne 'yan uwansa. An ce Armstrong aka tura baya.

Kowane gefe na irin wannan faifai minti uku ne, ko da ɗan ɗoriya. Babu gyara, babu yanke-yanke. In mutum ɗaya ya yi kuskure, sai a sake daga farko. Saboda haka makaɗi ba ya ɓata lokaci. Abin da zai faɗa, ya faɗe shi cikin minti uku. Duk wanda ya saurari West End Blues, wanda Armstrong ya ɗauka a 1928, zai ji wannan. Ƙahon ne ke buɗe faifan shi kaɗai, babu ganga, babu fiyano. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ya hau, ya sauko, ya sake hawa. Kusan shekara ɗari ke nan masu koyon busa suna gwada ƙarfinsu a kan wannan buɗewar.

Kuma wannan mutum ba baƙo ba ne a yankinmu. Ya je Accra a 1956, jama'a suka yi dafifi don tarbarsa. Ya zo Najeriya a 1960, shekarar samun 'yancin kai. Akwai hotonsa a Kaduna tare da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello.

Daga jaz, mu ɗan leƙa waƙoƙin pop na da, don a nan ne za mu haɗu da mutumin da guguwa ta ritsa da shi.

Sunansa Antoine Domino, amma duniya ta san shi da Fats Domino. Ɗan New Orleans ne, mai kaɗa fiyano, mai yawan murmushi. A watan Disamba na 1949 ya shiga wani ɗan ƙaramin ɗakin ɗaukar sauti a titin Rampart, a bayan wani kanti. Ya ɗauki waƙar The Fat Man tare da abokin aikinsa Dave Bartholomew. A daidai lokacin kasuwar faifai tana sauyawa. An fara barin tsohon faifai mai nauyi, mai saurin fashewa. An koma na roba. Akwai babba mai cin waƙoƙi da yawa. Akwai ƙarami mai faffaɗan rami a tsakiya, waƙa ɗaya a kowane gefe. Ƙaramin nan yana da araha, matasa suna iya saye da kuɗin aljihunsu. A kansa Fats Domino ya hau. A shekarun 1950, in ka cire Elvis Presley, da wuya a sami mawaƙin irin wannan kiɗa da ya fi shi ciniki. Waƙarsa Blueberry Hill ta 1956 ta zaga duniya.

Ya yi kuɗi, ya yi suna, amma bai bar unguwarsu ba. Unguwar talakawa ce, ana kiranta Lower Ninth Ward. Nan ya gina gidansa. Nan ya jera faya-fayan zinariya da aka ba shi na yabo. Ku riƙe sunan unguwar nan, za mu dawo kanta.

Me ke sa mutum a yau, da waya a hannunsa mai ɗauke da dubban waƙoƙi, ya koma ga faifai? Natsuwa ce. Faifai ba ya yarda da gaggawa. Sai mutum ya tashi ya zaro shi daga jakarsa ta kwali. Ya riƙe shi ta gefe-gefe, kada yatsa ya taɓa zanen. Ya share ƙura. Ya sauke allura. Ya zauna. Yana ji yana karanta bayan kwalin, yana ganin wa ya kaɗa ganga, wa ya busa, a wane gari, a wace shekara. In gefe ɗaya ya ƙare, ya sake tashi ya juya. Saurare ne na girmamawa, irin wanda ake yi wa dattijo in yana ba da tarihi.

Sai dai faifai abu ne mai rauni. Na da, da wani irin ƙaro ake yinsa, wanda wasu ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da maƙwabtanta. In ya faɗi, ya fashe kamar tangaran. Na roba kuma zafi ne abokin gabarsa. A bar shi a rana, ya lanƙwashe kamar ganye. In aka jibge su a kwance, na sama ya danne na ƙasa, shi ya sa masana ke jera su a tsaye. Ruwa kuwa ya fi kowa mugunta. Kwali ya jiƙe ya manne a jikin faifai. Laka ta cika zanen. Bayan 'yan kwanaki fumfuna ta rufe kome.

To jama'a, wannan ya kawo mu ga guguwa.

New Orleans birni ne mai kama da ƙwarya. Kogin Mississippi ya naɗe shi ta gefe ɗaya. Tafkin Pontchartrain yana ɗaya gefen. Kusan rabin birnin yana ƙasa da matakin teku. Abin da ke tsare shi ganuwa ce ta ƙasa da ta kankare, da manyan injinan zuƙe ruwa. Kowace shekara, daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba, lokacin mahaukaciyar guguwa ne. Mutanen birnin sun san wannan kamar yadda manomi ya san damina.

Suna da al'adunsu na shiri. In an yi gargaɗi, a buga katako a tagogi. A cika tankin mota da mai. A cika bahon wanka da ruwa, don famfo na iya ɗaukewa. A nemi tocila da rediyo mai batir. A ƙulle takardun gida da na haihuwa a leda. Hukuma kuma ta mayar da hannuwan babbar hanya duka biyu su zama na fita, babu mai shigowa. Akwai kuma wata al'ada mai tayar da tsigar jiki. Tun bayan guguwar Betsy ta 1965, tsofaffi ke cewa a ajiye gatari a ɗan sararin da ke tsakanin silin da rufi. Dalili kuwa, in ruwa ya kori mutum har can sama, ba shi da ƙofa. Sai ya sare rufin ya fita.

A ƙarshen watan Agusta na 2005 aka ce guguwar Katrina na tafe. Masu hasashen yanayi a Miami sun gan ta, sun faɗa. Ranar Asabar shugabansu, Max Mayfield, ya ɗaga waya da kansa ya kira gwamnar jiha da magajin gari. Amma sai ranar Lahadi da safe magajin gari Ray Nagin ya ba da umarnin kowa ya fita dole. Guguwa ta sauka ranar Litinin, 29 ga wata. Kwana ɗaya ke nan kacal. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Mafi yawan jama'a sun fita. Waɗanda suka rage, ba taurin kai ne ya tsare yawancinsu ba. Wani ba shi da mota. Wani ƙarshen wata ne, aljihu ya bushe. Wani yana jinyar tsohuwa da ba ta iya tafiya. Akwai hoton da har yau ake nunawa, na motocin ɗaukar 'yan makaranta, jere reras a wurin ajiyarsu, ruwa ya shanye su. Motocin suna nan. Mutanen da ke bukatarsu suna nan. Tsarin da zai haɗa su ne babu.

Sannan ganuwa ta karye. A wasu wuraren ta karye tun ruwa bai kai tsayin da aka ce za ta iya ɗauka ba. Daga baya injiniyoyin sojan Amurka, waɗanda suka gina ta, sun amsa cewa akwai kuskure a zanen aikin. Kashi huɗu cikin biyar na birnin ya nutse. Fiye da mutum dubu suka rasu, yawancinsu tsofaffi. Iska daga Allah take, wannan babu ja. Amma ganuwar da aka gina a kan ƙasa mai laushi aikin ɗan Adam ne, kuma dole a faɗi haka.

Ina Fats Domino? Yana gida, a Lower Ninth Ward. Yana ɗan shekara 77. Matarsa ba ta da lafiya, ya ƙi tafiya. Ruwa ya mamaye unguwar. Kwanaki ba a ji ɗuriyarsa ba, har wani ya rubuta ta'aziyyarsa da fenti a bangon gidan. Ashe yana raye, masu ceto sun fitar da shi da iyalinsa. Ya tsira da ransa, kuma wannan shi ne babba. Amma fiyanonsa sun lalace. Faya-fayan zinariya sun tafi. Daga baya an sake buga masa wasu. Ɗaya daga cikin fiyanon kuma aka kai gidan tarihi a birnin, aka ajiye shi a wargaje yadda ruwa ya bar shi, don masu ziyara su gani da idonsu.

Faifan zinariya ana iya sake bugawa. Akwai asarar da ba ta da madadi.

Dakta Michael White malamin jami'a ne, kuma gwanin busa kilarinet, wata irin algaita ta Turawa. Ya shafe shekaru yana bin tsofaffin makaɗan jaz gida-gida. Yana hira da su yana ɗauka. Yana tara faya-fayai, da littattafai, da hotuna, da tsofaffin kayan busa. Gidansa ya zama taska. Gidan kuwa yana kusa da ɗaya daga cikin magudanan da ganuwarsu ta fashe. Ya tsira zuwa Houston. Da ya dawo, ya tarar da dubban faya-fayai da littattafai sun zama laka. Kayan busar sun kumbura, sun tsage, sun yi tsatsa. Tsofaffin da ya yi hira da su, da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Babu wanda zai koma ya sake tambaya.

Yanzu ku saurari wannan, don a nan zancen yake. A jami'ar Tulane, a cikin birnin, a lokacin Katrina akwai wuraren ajiyar kayan kiɗa guda biyu. Ɗaya yana ƙarƙashin ƙasa, a gindin babban ɗakin karatu. Ruwa ya cika shi, ya yi makonni a ciki, aka yi mummunar asara. Ɗayan shi ne taskar jaz ta Hogan, mai ɗauke da hirarrakin makaɗan farko. Ita tana bene na uku, a wani gini da ke tsallaken titi. Ruwa bai kai gare ta ba. Jami'a ɗaya, guguwa ɗaya, rana ɗaya. Bambancin kawai matakala ce. Kuma wanda ya zaɓi benen, ya zaɓe shi ne shekaru kafin a san za a yi wata Katrina.

Abin da mutum yake ƙauna, tun hadari bai haɗu ba ake tsare shi.

Gidan rediyon WWOZ, wanda 'yan sa-kai ke gudanarwa a birnin, ya ɗauki darasi. Yana da ɗimbin kiɗan da ya ɗauka kai tsaye a bukukuwa da wuraren wasa. Saura ƙiris ya rasa su. Bayan guguwar ya miƙa su ga babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, don a adana a kuma kwafa. Ya zama ko da ruwa ya sake zuwa, akwai kwafi a wani gari.

Gwamnati ma ta kashe kuɗi masu yawa ta sake gina ganuwa. Aka jarraba aikin a 2021, da guguwar Ida. Abin mamaki, ita ma ranar 29 ga Agusta ta sauka. Wannan karon ganuwar birnin ta tsaya. Amma wutar lantarki ta ɗauke gaba ɗaya, ga tsananin zafi. Wasu zafin ne ya kashe su. Wasu kuma hayaƙin janareta ne, don sun kunna shi a cikin gida ko dab da taga. Wannan kam ba sai an yi wa mai sauraro a Kano ko Maraɗi dogon bayani ba. Janareta wurinsa waje, nesa da inda ake kwana.

Jama'a, mu bar New Orleans haka. Mu juya zuwa filin tsere.

Motar gasar Formula 1 tana wuce kilomita 300 a awa. In ƙasa a bushe take, tayarta sumul ce, babu zane, don ta kama kwalta sosai. In ruwa ya sauka, a sa mai zane, wadda ke watsa ruwa gefe. Amma kowace taya tana da iyaka. In ruwan ya fi ƙarfinta, motar sai ta hau kansa kamar kwale-kwale. Sitiyari ba ya ji, birki ba ya ji. Na baya kuma ba ya ganin kome sai farin feshi. Japan kuwa a da sau da yawa tserenta a watan Oktoba yake faɗowa, lokacin da guguwar teku ba ta gama wucewa ba.

A 1976, a filin Fuji, aka zo tseren ƙarshe na shekara. Niki Lauda, ɗan ƙasar Ostiriya, shi ke kan gaba a maki. Wata uku bai cika ba da motarsa ta kama da wuta a Jamus, ya ƙone a fuska, har an fitar da rai da shi. Ya warke ya dawo. Ranar tseren aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Direbobi suka yi gardama, amma aka ce a tashi. Lauda ya zaga sau biyu. Sai ya shigo, ya tsaya, ya fito daga mota. Ya ce ransa ya fi kambun. James Hunt na Ingila ya zo na uku, ya ɗauke kambun da maki ɗaya tak. Wasu sun zargi Lauda da tsoro. Mai sharhin nan yana ganin jarumtaka ce, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Shekarar da ta biyo Lauda ya karɓi kambun. Ya sake karɓa a 1984. Ya rayu har ya cika shekara 70.

Sai 2014, a filin Suzuka. Guguwar Phanfone tana gabatowa, kowa ya sani. An yi ta maganar a matso da lokacin tseren zuwa hantsi, kafin ruwa ya yi ƙarfi. Ba a matso ba. Aka bar shi ƙarfe uku na yamma. Can wajen ƙarshe ruwa ya ƙaru, gari ya fara duhu. Motar wani direba, Adrian Sutil, ta zame ta bar hanya a wata kwana. Aka shigo da katafila don ta ɗauke ta. Zagaye ɗaya bayan haka, motar wani matashi ɗan Faransa, Jules Bianchi, ta zame a daidai wurin. Ta daki katafilar. Ya yi wata tara bai farfaɗo ba. Ya rasu a watan Yuli na 2015, yana ɗan shekara 25. Tun bayan Ayrton Senna a 1994, ba a rasa direba a tseren wannan gasa ba sai shi.

Kwamitin bincike ya ce direban bai rage gudu yadda ya kamata ba a wurin da aka ɗaga tutar gargaɗi. Amma ya kuma ba da shawarar a riƙa fara tsere da sauran rana sosai. Aka kawo sabon tsari da ke tilasta wa kowace mota rage gudu nan take in an yi haɗari. Gyara ne mai kyau. Sai dai bai dawo wa iyayen Bianchi da ɗansu ba.

Bayan shekara biyar, a filin nan dai, aka ce guguwar Hagibis na tafe. Wannan karon tun ranar Juma'a aka yanke magana. Aka ce ranar Asabar babu gwaji, babu ɗan kallo, a rufe fili. Ma'aikata suka kwance abin da iska za ta iya ɗauka. Suka ɗaure abin da ba ya kwantuwa. Suka ɗaga kayan aiki daga ƙasa, suka rufe garejoji. Direbobi suka wuni a masauki. Guguwar ta yi mummunar ɓarna a wasu sassan Japan, ta kashe mutane da dama. Ranar Lahadi gari ya waye tas a Suzuka. Da safe aka yi gwajin neman gurbi. Da rana aka yi tsere, Valtteri Bottas ya ci. Kowane direba ya koma gida.

Fili ɗaya ne, jama'a. A 2014 an jira a ga abin da sama za ta yi. A 2019 an yanke shawara tun hadari bai haɗu ba.

A Amurka kuma masu filayen tsere sun samo wata hanya ta taimako. Filayen suna da makeken sansani, inda 'yan kallo ke kafa tanti, da ruwa da banɗaki. In guguwa ta doshi gaɓar teku, filaye irin na Charlotte da Atlanta da Talladega sukan buɗe ƙofa kyauta ga masu gudun ceton rai. Sun yi haka a 2017, lokacin guguwar Irma. Wuri ne da aka gina don wasa, ya zama masauki a ranar wuya.

To, mu dawo gida, masu sauraro.

Mu ba mu da mahaukaciyar guguwar teku. Amma muna da ambaliya. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare. A wannan watan ne kuma ruwan sama ya rushe tsohon masallacin nan mai tarihi na Damagaram. Allah Ya jiƙan waɗanda aka rasa, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. Kowace shekara, tun kafin damina, hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da bayani. Hukumar kula da koguna ma tana faɗin wuraren da ake fargaba. Ana karanta sanarwar a gidajen rediyo irin wannan. Idan kun ji an ambaci ƙaramar hukumarku, da ku ake.

Kuma mu ma muna da taska irin ta Dakta White. A gidaje da yawa akwai tsohuwar adaka a ƙarƙashin gado. A cikinta akwai faifan Mamman Shata, ko kaset na Ɗan Maraya Jos, ko na Musa Ɗanƙwairo, ko na Barmani Choge. Akwai kaset na tafsirin malamin da ya rasu. Akwai muryar kaka da aka ɗauka ranar wani suna. Akwai takardun ajami da aka gada, da takardar gona, da hotunan aure. Wasu daga cikinsu babu kwafinsu a ko'ina a duniya. Ƙarƙashin gado kuwa nan ne wurin da ruwa ke fara isa.

Saboda haka ga roƙonmu gare ku. Maigida, uwargida, a jawo adakar nan a cikin makon nan. A buɗe ta, a kakkaɓe, a sha iska a inuwa. A jera faya-fayan a tsaye, a ɗora su a wuri mai tudu. Takardu a sa su a leda. Ku matasa masu waya, ku zauna da iyayenku, ku kunna kaset ɗin, ku kwafe muryoyin, ku tura wa ɗan uwa da ke wani gari. A fito a yashe magudanar ƙofar gida tare da maƙwabta. A zauna a shawarta inda za a nufa in an ce a tashi, da wanda zai ɗauki tsohon da ba ya iya tafiya. In kuma hukuma ta ce a tashi, don Allah a tashi, ko da sama tana garau.

 Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da iyalanmu.